Kason Na Tsakiya

Tun ranar da sababbin masu kamfani suka manna sanarwa a bakin ofis, hankalin Anti Kashiya bai sake kwanciya ba. Kowane ma'aikaci zai zauna jarrabawa a kwamfuta, wanda ya faɗi kuma ya kama gabansa. Ta daɗe a bayan tagar karɓar kuɗi a wannan kamfanin sayar da kayan gini, har sunan aikin ya danne nata. Ita ke riƙe da 'ya'yanta biyu da mahaifiyarta mai hawan jini, rabonta da jarrabawa kuwa tun tana budurwa.

Ƙaninta malamin lissafi ne, shi ya riƙa zuwa bayan ya tashi aiki yana koya mata a teburin falo. Akwai wasu tambayoyi da suka fi tayar mata da hankali. Za a yi tambaya, a kawo bayani biyu, a ce mutum ya faɗa ko na farko kaɗai ya isa a gano amsa, ko na biyu kaɗai, ko sai an haɗa su, ko kuma duka biyun ba su isa ba. Wani dare suna kan wata ta rabon kuɗi, ta duƙufa tana lissafi.

"Yaya, ki ajiye biron nan," in ji shi. "Ba a ce ki kawo adadin ba. Za a iya sani ko ba za a iya ba, shi ke nan."

"In ban lissafa ba ta ina zan sani? Auta, wanda ya ƙirƙiro abin nan ba shi da aikin yi."

Daga cikin ɗaki Mama ta ce, "Ku dai raba kuɗin ku miƙo min nawa, kowa ya huta."

Ranar jarrabawa Mama ta tashi da jiri. Anti Kashiya ta ba ta magani, ta roƙi maƙwabciyarsu ta zauna da ita, ta fita.

A ɗakin taro na sama aka jera kwamfutoci. Mai sa ido wata doguwar mace ce mai tabarau da aka ɗauko daga waje, fuskarta ba alamar wasa. Ta nuna kwando a bakin ƙofa, ta ce duk wanda aka samu da waya a jikinsa bayan an fara, ya faɗi, kuma za a kai sunansa wurin manaja. Anti Kashiya ta jefa babbar wayarta a ciki ta zauna. Na'urar sanyi tana busa mata a ƙeya.

Ta lallaba ta wuce tambayoyin farko. Sai ga irin wadda take gudu ta fito. 'Yan'uwa uku sun raba kuɗi, babban ya ɗauki rabi. Nawa na tsakiya ya samu? Bayani na farko: na tsakiya ya ɗauki kashi ɗaya cikin uku na abin da ya rage. Bayani na biyu: babban ya fi ƙaramin da dubu uku.

Tana cikin karantawa ta ji wani abu yana kakkarwa a ƙirjinta. Ta ɗauka zuciyarta ce. Da ya tsaya ya sake, sai ta gane. Ƙaramar wayar ce, wadda ta ware don gida kaɗai, tana aljihun rigar aikinta. Ta manta da ita sarai. Kuma ta ce wa maƙwabciyar kada ta kira sai in abu ya ɓaci.

Ta dafe aljihun da hannu. Mai kula da sito, da ke zaune kusa da ita, ya ɗan waigo ya mayar da kai. Mai tabarau tana can ƙarshen layi, takun takalminta na matsowa. Haruffan allo suka haɗe a idon Anti Kashiya. In ta yi shiru, wataƙila ta tsira da aikinta, amma ba ta san a wane hali Mama take ba. In ta yi magana, ta tona kanta da kanta. Wayar ta yi shiru, sannan ta sake somawa.

Ta ɗaga hannu.

"Hajiya, na yi laifi," ta ce da murya ƙasa-ƙasa, ta ɗora wayar a kan tebur. "Mantawa na yi. Mahaifiyata ba lafiya. Don Allah ki ɗauka ki ji, ni ba zan taɓa ba."

Matar ta dube ta, ta dubi wayar, ta ɗauka ta fice. Anti Kashiya ta ƙura wa ƙofa ido, ba abin da take gani sai Mama kwance a ƙasa.

Da matar ta dawo, ta sunkuyo kusa da kunnenta. "Zamewa ta yi a banɗaki, ta bugu a hannu. Ƙaninki ya tafi da ita asibiti. Na ji muryarta tana yi masa faɗa ya rage gudu. Ki gama aikinki. Wayar kuma dole in rubuta."

Anti Kashiya ta share ido da bayan hannu ta koma kan allo. Bayani na farko bai isa ba, babu adadi a cikinsa. Ta kai kibiya kan "sai an haɗa su", saura ta danna, sai ta dakata. Babban yana da rabi. Ɗaya rabin na ƙannen biyu ne. In aka cire na ƙaramin daga rabi, abin da ya rage ai na tsakiya ne. Dubu ukun nan kasonsa ne ke nan. Ta zaɓi na biyu kaɗai, ta wuce. Sauran tambayoyin ba ta iya tuna yadda ta amsa su ba.

A asibiti ta tarar an naɗe wa Mama hannu, tana zaune tana mitar sanyin ɗakin. Anti Kashiya ta durƙusa a gefen gado, ƙanin ya kama ta ya zaunar da ita.

Kwanakin da suka biyo baya, duk wanda ya buɗe ƙofar ofis sai ta ɗaga kai ta duba. Mai kula da sito ya faɗi jarrabawar, ta ga fitarsa da kwalin kayansa a hannu. Washegari manaja ya aiko a kira ta. Ta hau bene tana riƙe da ƙarfen matakala.

Bai ce ta zauna ba. Ya ce ta ci, da ƙyar. Ya ce mai sa ido ta rubuta maganar waya, ta kuma rubuta cewa da kanta ta miƙa, allon wayar a rufe. Ya tura mata takardar gargaɗi ta sa hannu, ya ce ta koma tagarta, layi ya taru.

Ta sauko ta zauna. Wani magini ya miƙo rasitin siminti ta taga yana ƙorafin an shanya shi. Ta ba shi haƙuri, ta karɓa, ta buga hatimi.