Kanwa a Randar Gajere

Biyu daga cikin tarwaɗun sun riga sun juya ciki sama lokacin da Tata ta shigo wa maƙwabcinta da kunu. Tsoho Gajere na durƙushe bakin randa, ko kallon ƙwaryar bai yi ba. Ta ukun ta taso saman ruwa, sai buɗe baki take.

Duk garin Gangara an san randar nan. Gajere shi ya haƙa rijiyar unguwa, tun kafin yunwar Kakalaba, yau shekara goma sha wani abu. Ba mata, ba ɗa, sai tarwaɗa uku da ya kamo a tabki da damina. Kullum da safe yakan kwashe rabin ruwansu ya ƙara sabo daga rijiya. Ana yi masa dariya, wai wanda ya rasa akuya shi ke kiwon kifi. Shi kuwa cewa yake, "In ruwa ya ɓaci, su za su fara faɗa mana."

"Rijiya ta ɓaci," in ji shi. "Wani abu ya mutu a ciki. Kira mini mijinki Zakari, ya zo da igiya."

Nan take Tata ta tuna. Jiya da zazzaɓi ya kwantar da tsohon, ita ta sauya ruwan. Ta ga kifin sun yi laƙwas, ita kuwa ɗiyar makiyaya ce, a gidansu dabba in ta yi laƙwas kanwa ake ba ta. Sai ta ɓantaro guntuwa ta jefa musu, don Allah da Annabi.

"Baba Gajere, ba ka da lafiya fa. A bari wani ya shiga."

"Wa? Ni na haƙa ta, ɗiyata. In yaran unguwa suka sha suka mutu, alhakin a wuyana." Ya ɗago ya dube ta. "Ruwan rijiya kika zuba musu jiya?"

"I."

"Shi kaɗai?"

"Shi kaɗai."

Kunya mugun abu ce. Ta ce a ranta ai Zakari zai hana shi. Zakari kuwa bai taɓa musu da tsohon nan a kan rijiya ba, ba yau zai fara ba.

Rijiyar ƙasar nan ta Damargu ba abin wasa ba ce, sai an yi gaba talatin kafin a taɓa ruwa. Maza shida suka riƙe igiya da hantsi, suka zura shi a hankali. Tata na tsaye cikin mata, maganar tana bakinta, igiya tana ta tafiya. Can muryarsa ta taso ƴar ƙarama: "Ban ga kome ba!" Daga nan shiru. Da suka jawo shi ya jiƙe sharkaf, haƙoransa na kaɗawa, leɓɓansa sun yi fari fat.

Kwana uku yana kwance ƙirjinsa na kuka. Mata suka koma ɗibar ruwan tabki, don ya ce kar a sha na rijiya tukuna. Ran na ukun Tata ta durƙusa gefen tabarmarsa, tsoro da baƙin ciki sun cika ta.

"Baba, kanwa ce. Ni na sa musu kanwa. Ka yafe mini."



"Kanwa," ya ce. "Ashe rijiyata lafiya take? Alhamdu lillahi. Ce musu su sha." Ya ja numfashi da ƙyar. "Rabin ruwa, ɗiyata, kullum. Kar ki ƙara kome."

Kafin la'asar ya cika.

Washegari Tata ta kwashe rabin ruwan randa, ta zuba sabo. Daga waje ana jin guga na sauka rijiya. Tarwaɗar da ta rage ta nutsa ƙasa ta kwanta, gashin bakinta na motsi a hankali.