Sunan 'Yar Fari

Ma'azu ya shekara talatin yana koyarwa a lakwal ɗin Dogondutsi, don haka bai iya jin magana ya bar ta ba gyara ba. Da ya ajiye alli sai ya mayar da ajinsa gurup ɗin WhatsApp na dangi, inda babu mai miƙewa in ya shigo.

Rigimar ta tashi ne a kan 'yarsa ta fari, Afra'u, tela mai shekara ashirin da huɗu. Ba ta kallon idon mutane, hayaniyar kasuwa tana sa ta toshe kunne. Wani likita a Yamai ya ce otizim ne.

Yayarsa Habsatu ta turo saƙon murya daga Kore Mairuwa: "Aljana Doguwa ce ta kama ta, Ma'azu. Kawo min ɗiyar a yi mata abin da aka san ana yi."

Nasiruddeen, ɗan ƙaninsa mai shago, ya ce wannan shirka ce, ruƙiya za a yi.

Ma'azu ya gyara tabarau. Kwana uku yana zuba musu bayani da Faransanci, wanda shi ma ranar Litinin ya fara karanta shi. Sai dai irin tarbiyyar da ya taso da ita, uba ba ya kama sunan 'yar fari. "Yarinyar nan" yake rubutawa, wani lokaci "ita wannan". Ya manta sarai tana cikin gurup ɗin, tana ɗinki a ɗakin da ke kallon rumfarsa.

Ranar Alhamis da hantsi keken ɗinkin ya tsaya. Saƙonta ya shigo.

"Gwaggo, Yaya Nasiru, na gode, kun ce ba ni da lafiya ba ku tambaye ni ba, kuma lafiyata ƙalau. Abin da likita ya faɗa ya yi daidai da yadda nake jin kaina, ya ishe ni. Baba, na ƙirga, sau arba'in da ɗaya ka rubuta otizim. Sunana ko sau ɗaya. Na san kunya ce, an bayyana min. Ni abin da ba a faɗa ba, ba na jin shi."

Ma'azu ya koma sama ya ƙirga, ko zai sami kuskure. Arba'in da ɗaya ne.

Ya danna wurin ɗaukar murya, ya yi gyaran murya, ya goge. A karo na uku ya ce, "Afra'u ɗiyata ce. Mai tambaya ya tambaye ta."

Habsatu ta amso nan take: "To, Mushe malamin lakwal, kunyar ma ta yi ritaya?"

Ya ajiye wayar. Ya kasa kunne wajen ɗakin. Ya ji muryarsa ta fito daga wayar Afra'u, ta ƙare, ta sake farawa. Sai keken ya ci gaba.