Dogo Ɗaya, Gajeru Biyu

A ce mutum ya yi rabin rayuwarsa yana abota da wani, bai taɓa ganin ko ƙeyarsa ba, wanda ya ji sai ya ce an ƙara gishiri. To haka Mai Tari ya yi da Maƙwabci.

A zamanin da suke aiki, maganar waya ba ta tafiya yadda take yi yanzu. Tashoshi aka kakkafa a kan tuddai, kowace da dogon ƙarfenta da manyan faya-fayai masu kallon tasha ta gaba, magana ta yi ta tsallakawa daga wannan tudu zuwa wancan har ta isa inda aka aike ta. Kowace tasha da ma'aikacinta, shi da injuna, a kwana tare a tashi tare. Mai Tari na kan tudu ɗaya, ɗayan na kan na gaba. A mota yini guda ne tsakaninsu, don hanyar zagaye take yi, amma a waya kamar katanga ce kawai ta raba su. Shi ya sa ya laƙaba masa Maƙwabci. Shi kuma ya rama da Mai Tari, saboda hayaƙin janareta ya bar masa wani tari da ke riga gaisuwarsa fitowa.

Akwai layi guda na ma'aikata da ya ratsa dukkan tashoshin. Ba a buga lamba a kansa. Madanni ne kawai, in ka danna ƙararrawa ta yi kuka a ko'ina, sai dai kowace tasha ta san irin nata bugun. Na Maƙwabci dogo ɗaya ne, gajeru biyu. Dokar aiki ta ce kowace safiya ka kira tasha ta gaba ka tambayi lafiyar layi. Magana ce da ba ta kai a sauke numfashi biyu ba, amma su sai shayi ya huce.

"Wane marar aikin yi ne ke hana ni shan shayi?" Haka Maƙwabci ke ɗauka kullum, da wata murya mai kauri kamar daga cikin ganga.

"Yaya layi?"

"Layi ƙalau. Kai ne dai ba ƙalau ba, ji tari kamar tsohuwar mota."

Daga nan sai hira ta ɓarke. Ciwon baya, rigimar surukai, ɓeran da ya cinye wa Maƙwabci takalmi, manajan da bai san inda ake kunna janareta ba. Ranar da aka haifi autar Mai Tari, har tasha ya kawo ta ya kara mata kan tarho a baki, Maƙwabci ya ce wannan kuka na gado ne. Ranar da ɗan Mai Tari na fari ya rasu kuwa, Maƙwabci ya yi addu'a, ya bar layin a buɗe yini guda. Mai Tari na jin ƙarar kujerarsa da kukan ƙofarsa, yana jin akwai mutum kusa.

Haɗuwa ce dai ta gagara. Ba a ba maƙwabtan tashoshi hutu tare, in ɗaya ya tafi ɗayan ne ke sa ido a kan biyun. Kullum sai "in damina ta wuce", sai "in mai canjina ya zo". Ana cikin haka aka binne sababbin wayoyi a ƙasa, tuddai suka zama ba su da amfani. Wata safiya Mai Tari ya danna dogo ɗaya, gajeru biyu, bai ji komai ba. Daga babban ofis aka kashe layin, babu wanda ya ga dacewar ya ce musu su yi sallama. Aka mayar da Mai Tari wani gari mai nisa. Da ya yi cigiya, aka ce mutumin ya ajiye aiki ya koma gida. Gidan ina? Kowa ya ɗaga kafaɗa.

Shekaru suka ja. Matar Mai Tari ta rasu, yara suka watse, gidan ya yi shirun da ba ya so. Auta, wadda yanzu ta zama mace mai aikinta da motarta, ita ta lura cewa duk safiya in ta ajiye masa shayi, yatsarsa na bugun tebur, dogo ɗaya, gajeru biyu, shi bai ma san yana yi ba. Wata rana ta nuna masa hotuna a wayarta, na masu yawon leƙa tsofaffin tashoshin da aka watsar.

"Baba, in kai ka, ka ga taka tashar?"

"Tawa na san ta," ya ce. "Tasa nake so. Ko Allah zai sa mu dace da wanda ya san inda ya koma. Muryar nan kawai nake so in ƙara ji kafin a kira ni."

Suka kwana a hanya, da hantsi suka hau tudun. Motar ta yi ta nishi a kan duwatsu, Auta na ta ba ta haƙuri. Ƙofar shingen na rataye da ƙyar. A cikin filin an shuka wake, an shanya kayan wanki a kan ɗaya daga cikin igiyoyin ƙarfen da ke riƙe da dogon ƙarfen. Babban faifan tashar ya karye daga gindi ya jingina da katanga, tsatsa ta cinye bakinsa. A inuwarsa wani ɗan tsoho ne zaune a kan tabarma, siriri, da sanda a gefe, yana ɓare wake a cikin kwano.

Mai Tari ya yi sallama. Tsohon bai ɗago ba. Ya sake yi da ƙarfi, har tari ya biyo baya. Ko gezau.

"An girma ba a iya amsa sallama ba," ya ce, ya wuce.

"Baba, mu tambaye shi mana," in ji Auta. "Ko ya san shi."

"Wannan ɗan firit ɗin? Bari mu sami mai baki tukuna. Maƙwabci ƙato ne, wanda ya taɓa ganinsa ba zai manta ba. Shi da bakinsa ya gaya mini kujera biyu ya karya a tashar nan."

Zane ɗaya aka bi wajen gina tashoshin duka, don haka Mai Tari ya shiga kamar mai shiga gidansa. Ga ɗakin batura a hagu, har yanzu da ɗan ɗoyinsa mai kama maƙogwaro. Ga wurin janareta, an cire shi, sai ƙusoshi huɗu da baƙin tabon mai a siminti. Kashin jemage ya rufe ƙasa. Ɓarayin ƙarfe sun yi aikinsu tsaf, ko wayar da ke cikin bango ba su bari ba. Auta na ɗaukar hoto tana toshe hanci, shi kuwa yana ta nuna mata inda kaza yake da inda kaza yake, duk abubuwan da babu su.

Da ya tura ƙofar ɗakin aiki, ta yi wani kuka mai hawa biyu, ta tsaya, ta ƙarasa. Mai Tari ya daskare da hannunsa a kanta.

"Kin ji ta?" ya ce a hankali. "Ita ce. Kullum na ce masa ya sa mata mai, ya ce ita ke gaya masa in baƙo ya shigo."

Ya ja ta ya sake turawa. Ya sake. Auta ta sauke wayarta ta bar shi.

Bai taɓa taka ɗakin ba, amma ya san shi sarai. Ga tagar da ba ta rufuwa, wadda iska ke bugawa har ta shiga waya. Ga ƙusar da ake rataye kofi. Teburin ƙarfe ne, an liƙe shi da ƙasa, shi ya sa ya tsira. An tsinke kan tarhon, igiyarsa na lilo, amma madannin na nan, tsakiyarsa ya lotsa saboda yawan danni. Yawan buga wa tashar Mai Tari ne ya lotsa shi haka. Ya ɗora yatsa a cikin lotsin, ya ji wata kewa ta taso masa, irin wadda bai ji ba tun ranar da ya dawo daga binne matarsa.

Ya ɗaga kai ya dubi taga. Can nesa, inda ƙasa ta haɗu da sama, ga wani tudu, a kansa wani abu tsaye siriri kamar allura. Maƙwabci ya sha ce masa, "Ina ganinka fa, gyara zama." Shi ya ɗauka tsokana ce, don tasa tagar wani gefen take kallo. Ashe duk shekarun nan mutumin na zaune a nan yana kallon tudunsa.

Sai wata murya ta tashi daga waje, ta cika ɗakin.

"Ke! Fita daga cikin waken nan, marar aikin yi!"

Mai Tari ya matsa jikin taga. Ya leƙa. Wata akuya ce ke ficewa ta ɓarakar shinge, ɗan tsohon nan na kaɗa mata sanda. Duk muryar nan, mai kauri kamar daga cikin ganga, daga wannan ɗan ƙirjin ta fito.

"Maƙaryacin banza," ya ce, dariya da hawaye suna rige-rige. "Kujera biyu!"

Auta ba ta taɓa ganin babanta ya yi sauri haka ba. Ya isa gaban tabarmar yana haki, ya ce, "Maƙwabci! Ni ne! Maƙwabci!"

Tsohon ya ga inuwa a kan kwanonsa, ya ɗago, ya yi murmushin da ake yi wa baƙi.

"Masu ɗaukar hoto ne? Sannunku. Ku shiga ku duba, amma ba komai a ciki, sun kwashe."

"Ni ne Mai Tari!" Ya faɗa har muryarsa ta tsage, tarin ya zo ya turnuƙe shi, tarin nan da a da ko a tsakiyar ruwan sama Maƙwabci zai gane. Tsohon ya dube shi da tausayi, ya miƙo masa butar ruwa.

Wata mata ta fito daga bayan ɗakin batura da bokiti a hannu. Ta gaishe su, ta ce ita surukar tsohon ce, matar ɗansa, su ke noma filin.

"Baba, kada ka wahalar da kanka," ta ce. "Ba ya ji ko kaɗan. Ƙarar injin nan ce ta cinye masa kunne, tun kafin a kawo ni gidan yake raguwa, yanzu kam ko tsawa aka yi bai sani ba."

"To mu rubuta masa," in ji Auta.

"Idon ma sai a hankali. Yana gane mutum, rubutu ne dai ya daina gani. A ƙasan tudun nan muke, amma duk safiya sai mun hawo da shi. In an hana shi ba ya cin abinci."

Mai Tari ya zauna a bakin tabarmar. Ga shi ga Maƙwabci, gwiwa na taɓa gwiwa, amma bai taɓa jin ya yi masa nisa kamar yau ba. Fuskarsa ba ta da amfani, mutumin bai taɓa ganinta ba. Muryar ce kaɗai shaidarsa, ita kuma ba ta da ƙofar shiga. Labaran da ya tara na shekaru, na matarsa, na jikoki, na yadda ya yi ta danna madanni a safiyar da aka kashe layi, duk suka tsaya masa a ƙirji. Tsohon ya koma kan wakensa.

Auta ta tsuguna kusa da babanta. Ta dubi hannunsa. Shi ma ya duba. Yatsarsa na bugun gwiwarsa, yadda take bugun tebur duk safiya.

Ya miƙa hannu ya kamo na tsohon. Tsohon ya ɗan ja baya, yana mamakin wannan baƙo. Mai Tari ya juya hannun, ya ɗora yatsa a tsakiyar tafin, ya danna ya riƙe. Ya saki. Ya danna sau biyu da sauri.

Shiru. Ya sake yi, a hankali, yadda ake yi in layi na da ƙura, ba a ji sosai.

Kwanon ya zame daga cinyar tsohon, wake ya watse a tabarma. Ya zuba wa Mai Tari ido. Ya juya ya dubi can inda tudun nan yake, ya dawo ya dube shi. Da ya buɗe baki, muryar ta fito da kaurinta.

"Wane marar aikin yi ne ke hana ni shan shayi?"

Matar ɗansa ta ajiye bokitin ta rufe baki da gefen mayafinta.

"Ashe haka kake," in ji Maƙwabci, yana shafa masa fuska da kafaɗa. "Ni na ɗauka dogo ne. Kai ma ka yi mini ƙarya ko ni na ƙirƙira?" Ya yi dariya, hawaye na bin kumatunsa. Sai ya ɗora tafin hannunsa a ƙirjin Mai Tari, ya danna sosai. "Yi magana. Ba zan ji ba, amma yi. Ina so in ji tana motsi."

Mai Tari ya nemi ta inda zai fara, duk labaran suka gudu. Abu ɗaya ne ya rage masa, wanda ya tashi da shi a wancan safiyar bai sami mai amsawa ba.

"Yaya layi?" ya ce, tari ya biyo baya.

Maƙwabci ya lumshe ido, hannunsa na nan a ƙirjin.

"Layi ƙalau," ya ce. "Ci gaba, kada ka ajiye."