Ranar da Ya Kellumi Ta Zo Kallon Kanta

Othniel malamin firamare ne a Jambutu, amma a gidajen biki aka fi saninsa, don in ya riƙe makirifo sai mutane sun riƙe ciki. Abin da ya fito da shi kuwa kwaikwayon maƙwabciyarsa ne, Ya Kellumi, tsohuwa 'yar Barno mai sayar da turaren wuta, wadda ke kiran namiji da "ke", mace da "kai". Shekara biyu yana cin abinci da muryarta, a zatonsa ba ta da labari.

Da aka shirya gasar 'yan barkwanci a wani ɗakin taro a Jimeta, aka ba shi minti goma bayan la'asar. Ya hau dandali da gudu, ya ce, "Jimeta, kuna lafiya?" Sai ƙamshin da ya sani ya doki hancinsa. Ya duba sahun gaba: ga Ya Kellumi daram cikin jar lafaya, tana taunar goro.

Nan take ya fasa yin muryarta. Ya kama zancen zafin Yola, wai kaza dafaffen ƙwai take yi. Shiru, sai ƙarar fanka. Wani a baya ya yi hamma har da salati.

Tsohuwa ta miƙe. "Malam Otaniyal, ke! An ce kina yin muryata. Ban taso daga Jambutu don labarin kaza ba. Yi!"

"Ya Kellumi, ki rufa mini asiri."

"Yi mana!"

Ba yadda ya iya. Ya riƙe ƙugu, ya maƙale murya, ya yi yadda take korar bunsurun unguwa daga bakin shagonta: "Ke bunsuru, ba ki da kunya, turaren amarya za ki ci?" Ɗakin ya ɗauki dariya.

"Ƙarya ne!" in ji ta. "Ni ba na karkace baki haka. Ba ni abin maganar."

Kafin masu shirya taron su yi shawara, ta hau matakala tana nishi, ta fizge makirifo. Ta ce tunda katanga ɗaya ta raba su, ita ma tana da kunne. Ta sunkuyar da kai, ta sirantar da murya, ta yi yadda Othniel ke lallashin matarsa Virtue ran da ya ƙona mata shinkafa: "Momi, ba ƙonewa ta yi ba, launi ta canja."

Mutane suka dinga faɗowa daga kujeru. Othniel ya hango Virtue a tsakiya tana share hawaye da gyale, tana gyaɗa kai alamar haka aka yi. Da farko ya so ƙasa ta tsage ya shige. Da ya ga ba za ta tsage ba, sai ya durƙusa gaban tsohuwar ya ci gaba da lallashi, ita tana amsawa da muryar Virtue. Minti goma ya zama rabin awa, ba wanda ya iya sauke su.

Alƙalai suka ba su na biyu, kofi ɗaya su biyu. Ya Kellumi ta rungume kofin, ta ce zai yi mata kaskon turare.

A keken komawa gida ta taɓa shi da gwiwar hannu. "Asabar akwai ɗaurin aure a Limawa. Ki shirya, ni zan fara."

"To, Ya," in ji Othniel.