Gayaunar Ilu

Ruwan shuka bai gama tsagaitawa ba Barau ya saɓa sungumi, ya rataya ƙoƙon iri. Matarsa Kande tana bakin murhu ta ce, "Maigida, gonar gandu ai gabas take."

"Na san inda gabas take."

Ya nufi yamma, wajen gayaunar ƙanensa Ilu, ɗan filin da aka yanka masa daban da gandun da duk gida ke nomawa tare, tun mahaifinsu na raye, don ya noma abin da ya ga dama. Bana abin da Ilu ya ga dama gyaɗa ne. Tun da jirgin ƙasa ya iso Kano, fatake ke ratsa garinsu Gagarawa suna neman ta don sayar wa Turawa, Ilu kuma ya ba su kunne. Barau ya yi masa faɗa, ya yi lallashi, ya tuna masa yunwar bara da ta sa suka ci ganye. Ilu ya ce to, irin to ɗin da ƙane ke yi wa wa in ya riga ya gama shawara.

Dabarar Barau mai sauƙi ce. Yau kasuwar Maigatari, Ilu ya tafi da akuya. Kafin ya dawo gero ya shiga ƙasa, kuma ba Musulmin da zai tone abincin da aka binne.

Ya fara sara. Gwiwa na ƙara, baya na ƙorafi, yana waige-waige kamar ɓarawon kaji, shi da yake babba a gidan. Bai zuba ko ƙwaya ɗaya ba ya ji sallama.

Ilu ne, jiƙe sharkaf, da ƙwaryar gyaɗa a kai. Ruwa ya mai da shi daga hanya, ya ɗaure akuyar a gida ya ɗauko irinsa.

"Sannu da aiki, Yaya."

"Wucewa nake yi."

"Da sungumi?"

Barau ya yi tari. "Ilu, gyaɗa ba ta tuwo. In Turawan nan suka fasa saye fa?"

"Sai in ci ƙuli-ƙuli in yi kuka. Amma kukana ne." Ya sauke ƙwaryar. "Zuba geronka, ba zan tone ba. Sai dai in nan ma ya zama gandu, ban ga abin da zan zauna yi a gidan ba. Da kaka zan nemi wani garin."

Barau ya dubi ramukan, ya dubi ƙanen, wanda gemunsa ma ya fara furfura. Ya cire ƙoƙon gero ya ajiye a gindin aduwa, ya ci gaba da sara. Ilu ya bi bayansa yana jefa gyaɗa, yana rufewa da diddige.

Sun yi nisa kaɗan Barau ya tsaya. "Biyu-biyu ake zubawa, ba..."

"Yaya."

Barau ya haɗiye sauran, ya ɗaga sungumi.