Tattasai Ya Nuna, Tabitha Za Ta Gida

Shekara bakwai Madu yana cika baki a kasuwar Gamboru cewa babu wanda ya kai shi iya noman tattasai. Ya iya ɗin, ba a hana shi ba, amma bai taɓa ambaton Tabitha ba. Rikici ne ya koro ta daga Gwoza, ita da wasu mata tara, su ke tsinke masa gonarsa ta bakin kogin Ngadda a kan ladan da bai taka kara ya karya ba. Fetur na injin ban-ruwa ya yi tsada, taki ya yi tsada, kuɗin mota ya ninka. Ladan matan nan kaɗai ne bai motsa ba, kuma a nan 'yar ribarsa take maƙale.

Bana tattasai ya nuna jawur. In aka kwana huɗu ba a tsinke ba, sai ruɓa. Ranar Talata da hantsi Tabitha ta iso gonar ba kwando a kanta.

"Baba, gobe za mu gida, mu duka. An ce gari ya lafa."

Madu ya dubi gonar. Wa zai kira? Samarin unguwar Limanti duk sun koma tuƙin Keke Napep, ba mai yarda ya wuni a duƙe.

"Haba 'yata, ku ba ni mako ɗaya. Na ninka muku lada."

"Mota ba ta jira, Baba. Kuma ni ma ina so in share gonata kafin ruwa ya sauka."

"Gonarki?"

"Ta yi biyun wannan. Har masu aiki nake ɗauka a da."

Shekara bakwai tana duƙe a gabansa, bai taɓa tambayarta abin da ta baro ba. Kunya ta kama shi, har ta so ta fi tsoron asarar.

Tabitha ta dubi kunyoyin, ta ɗaura ɗankwali a ƙugu, ta aika a kira sauran. Har la'asar suna tsinka, da ƙyar suka ci rabi.

Da za su tafi, ta tsaya ta ce, "Baɗi ka rage gonar, Baba. Noma daidai hannunka. Irinmu ba za ka ƙara samu ba, kuma kada ka yi addu'ar ka samu."