Goran da Ke Cikin Buhu

Jirgin ya sake karkata hagu, Labbo ya saki filafili ya cafke gefe da hannu biyu yana salati.

"Zamna!" in ji Ɗanmusa daga nasa jirgin. "Na ce maka ka zamna ƙasa. Wanga ba tudun kiwo ba na da za ka miƙe ka hangi shanu."

Labbo ya zauna. Jirgin da aka ara masa ɗan mitsitsi ne, mutum ɗaya yake ɗauka, shi ma sai in ya naɗe ƙafafu. Kwana bakwai ke nan yana shiga cikinsa, har yau bai yarda da shi ba. Bai yarda da ruwan ba, bai kuma yarda da mutumin da ke koya masa ba, kuma wannan na ƙarshen shi ya fi hana shi sakewa.

Shekara biyu ke nan damina tana yi wa ƙasar Gobir rowa. Garken Labbo ya ƙare a kan hanya tsakanin Bafarawa da Kamarawa, wasu sun faɗi, wasu mahauta sun yanka su suna ƙasusuwa. Abin da ya rage masa shi ne matarsa Habi, 'ya'ya mata biyu, da bukka a bakin gulbi. Gulbin kansa ya zama rairayi, sai wani gurbi mai zurfi a ƙasan Unguwar Lalle inda ruwa ya maƙale, kifin gulbin duka ya taru a ciki. Mutumin da a da ko warin kifi ba ya so a kusa da ƙwaryarsa, shi ne ya je ya durƙusa gaban Sarkin Ruwa yana neman a bar shi ya yi su, ya kama kifi a gurbin.

Sarkin Ruwa bai ce a'a ba. Ya ce baki sun yi yawa, ruwa kuma kullum ja da baya yake yi. Ya ba shi kwana bakwai. In ya kawo kifi mai tsawon hannu wanda shi ya kama, to ya zama ɗan gurbi. In bai kawo ba kafin la'asar ta ranar bakwai, sai ya nemi wani wurin. Labbo ya san wani wurin: motar Kudu ce da ke tashi daga tashar Isa, ta kwashi maza su je su yi gadi, a bar mata da yara a hannun Allah.

Da Sarkin Ruwa ya tambayi wanda zai koya masa, duk masunta suka dubi ƙasa. Ɗanmusa ne kaɗai ya ce shi zai yi. Tun daga lokacin hankalin Labbo bai kwanta ba, domin akwai tsohuwar magana a tsakaninsu. Shekara shida da suka wuce, shanu sun sauko bakin gulbin nan sun tattake fangalan albasar Ɗanmusa, sun kuma yayyaga kallinsa, ragar kamun kifi, da ya shanya. Aka je gaban mai gari, Labbo ya ce ba nasa ba ne. Babu shaida, magana ta mutu. Nasa ne kuwa, shi da kansa ya kore su da sanda kafin gari ya waye sosai. To me zai sa mutumin da aka yi wa haka ya ɗaga hannu yanzu?

Saboda haka kowane darasi sai Labbo ya juya shi ya duba bayansa. Da aka ce kada ya buga filafili a jikin jirgi, ya ce a ransa so ake ya yi ta laɓe-laɓe kamar ɓarawo a yi masa dariya. Da aka ce ya soka ƙugiya a bayan ƙaramar karfasa mai rai, ba a bakinta ba, don ta yi ta iyo ta jawo giwan ruwa, sai da ya faki ido ya ga haka sauran suke yi sannan ya yarda. Amma darasin da ya fi tsaya masa a wuya shi ne na gora.

"In kihi yac ci, kak ka ja," Ɗanmusa ya faɗa masa tun ranar farko. "Bari shi haɗe, ka hizga sau guda, sannan ka jefa gora ruwa da igiyar duka. Shi ja gora, kai ka bi gora. Jirginga ba ya ɗaukar kokawa."

Wato a saki abin da aka kama. Labbo ya shekara talatin yana riƙe igiyar bijimi, bai taɓa jin an ce a saki igiya don a mallaki dabba ba.

Jiya da yamma kuma Tasalla mai banda ta ƙarasa masa. Tsohuwa ce da ke ƙyafe kifi a bakin gurbin, bakinta ba ya hutawa. Tana juya tarwaɗa a kan waya ta ce, "Ai nan kihi na mai gora na. Duk wanda yaj jawo shi, shaidar da ag ga gora aka dubi. Haka munka taras." Bai gama jin wannan ba ya hango Ɗanmusa a gindin giginya, ya juya wa mutane baya, gora a kan cinya, yana ƙwaƙular wani abu a jikinsa da bakin wuƙa. Labbo ya ji kamar an ɗaga masa labule. In akwai abin da makiyayi ya sani a duniya, to shaida ce. Dabbar da ke ɗauke da zanen wani ta wani ce, ko a garken wa ta kwana.

Ya gaya wa Habi. Ta ci gaba da tsince tsakuwa a cikin ɗan hatsin agajin da aka raba, sannan ta ce, "To ka tambaye shi mana."

"In tambayi wa? Mai shirin cuta shina hwaɗi?"

Da safe, bayan ta tafi neman itace, ya ciro goran da take kaɗa nono a ciki. Rabonsa da nono ya fi shekara, amma ta ƙi rabuwa da shi, na uwarta ne. Ya toshe bakinsa da totuwa da tsumma, ya cusa shi a cikin riga.

Yanzu ga su a tsakiyar gurbi, rana ta fara zafi. Ɗanmusa ya matso da jirginsa, ya ajiye masa gora a gaban ƙafa, a naɗe cikin jiƙaƙƙen buhu don kada rana ta fasa shi, an riga an ɗaura masa ƙarshen igiya.

"Ga babbar ƙugiyata nan, ita kaɗai gare ni," ya ce. "Tahi wajen kututturen can da yan nutse. Nan giwan ruwa shika kwana. Ni za ni tsaya nesa, kak a ce ni nik kama maka."

Labbo ya ce to. A ransa ya ce, ka tsaya nesa mana, ai goranka zai yi maka aikin.

Ya tuƙa a karkace har ya shiga bayan wani ciyayi da ya kare shi. Nan ya kwance igiyar daga wuyan goran Ɗanmusa, ko buhun bai buɗe ba, ya ture shi da ƙafa zuwa ƙarshen jirgi. Ya ɗaure ta a wuyan goran Habi, ɗaurin da yake yi wa maruƙa, wanda bai taɓa kwancewa ba. Ya ji daɗi har cikin ransa. Rabon da ya ji ya fi wani wayo tun garke yana garke.

Ya soka karfasa, ya sake ta a hankali kusa da kututturen, ya zauna. Zama ba baƙonsa ba ne, a nan kam makiyayi ba ya bukatar malami. Hantsi ya wuce, ƙudaje suka same shi. Can nesa masu homa, ragar hannu, suna ta faɗi-tashi a cikin laka. Aka kira azahar a wani masallaci daga tudu, ya ji amma ya kasa motsawa, domin igiyar ta fara rawa a tsakanin yatsunsa. Karfasar ce take gudun wani abu.

Sai igiyar ta tafi. Ba fizga ba ce, tafiya ce mai nauyi, irin ta saniyar da ta san inda za ta. Ya bar ta tana zarewa kamar yadda aka ce. Ya fizga sau ɗaya. Ruwa ya tsage a gabansa, wani abu fari mai faɗin ƙofa ya yi sama yana girgiza kai, baki a buɗe, ya faɗo da ƙarar da ta sa duk masu homa suka miƙe tsaye.

"Gora!" Ɗanmusa ya ƙwala daga nesa. "Jefa gora, Labbo!"

Bai jefa nan take ba. Hannunsa ya yi abin da ya saba, ya naɗe igiya ya toge. Jirgin ya juya kamar faifai, gefensa ya sha ruwa, igiyar ta yanke masa tafin hannu. Sai da ya ga ruwa ya kai masa cinya sannan ya warware ya wurga goran Habi.

Goran ya yi gudu a kan ruwa, Labbo ya bi shi da filafili yana haki. Ya nutse, ya taso. Ya sake nutsewa, ya daɗe, ya taso a karkace. A nutsewa ta uku sai totuwar ta ɓullo ita kaɗai, kumfa ya biyo ta, ƙanana da yawa, sannan ruwan ya kwanta. Goran da ya shekara a rataye ba jiƙa ba shafa, ga tsohon ɗinki a gindinsa, ba a yi shi don giwan ruwa ba.

Labbo ya yi ta duban wurin. Ya jira ya taso, bai taso ba.

Ɗanmusa ya iso, ya riƙe gefen jirgin da hannu ɗaya. Ya dubi ruwa, ya dubi hannun Labbo da ke zubar jini, ya ga totuwa tana yawo. Sannan idonsa ya sauka kan buhun da ke ƙarshen jirgi.

"Mi kaj jefa?"

Labbo ya kau da kai, ya shiga kwashe ruwan da ke cikin jirgi.

"Na ce mi kaj jefa cikin ruwan ga?"

"Gorana," in ji Labbo. "Tasalla ta hwaɗa mini al'adarku. Na kuma gane ka jiya da wuƙa gindin giginya. Ni ba yaro ba ne, Malam Ɗanmusa. In kama, a ce naka na?"

Ɗanmusa bai yi faɗa ba, da ma ya yi da ya fi sauƙi. Ya miƙa hannu ya jawo buhun, ya warware shi, ya ɗora goran a kan gwiwar Labbo. Babban gora ne mai kauri, an like bakinsa da danƙo. A gefe guda an kankare wani tsohon zane har farin cikin ya fito. Kusa da wurin akwai sabon yanka: zane biyu a tsaye, da ƙafar kaza a ƙarƙashinsu.

Labbo ya san zanen kafin idonsa ya gama ganinsa. Shi ne kakansa yake yi wa shanu da wutar ƙarfe a cinyar dama, shi ubansa ya yi, shi ma shi ya yi. Rabonsa da ganinsa tun ranar da mahauci ya jaye fatar saniyarsa ta ƙarshe a kasuwar Bafarawa.

"Ba ka da shaida cikin ruwa," in ji Ɗanmusa, "shi yas sa nik kankare tawa nis sa maka taka. Da ya ja wanga, ko wa yat tsamo shi, kai za a kai ma."

"Ina kas san ta?" Labbo ya tambaya, ko da yake ya san amsar.

"Na gane ta cikin albasata. Ina kan goriba ran nan ina yankan kaba, ina kallo kana kora su."

"Ba ka hwaɗi ba gaban mai gari."

"Na hwaɗi. Kai kac ce ba naka ba na."

Iska ta ɗan tura jiragen biyu, suka gogi juna. Labbo yana so ya ce a sake gwadawa, amma babbar ƙugiya tana can ƙasa a bakin kifi, kifin da ya ji ƙarfe kuwa ba zai sake kusantar karfasa ba yau. Inuwar giginya ta riga ta miƙe zuwa gabas. A bakin gurbi mutane sun taru, ya hango Sarkin Ruwa a zaune kan tabarmarsa, ya kuma hango Habi a can gefe da itace a ka, tana kare ido da hannu.

"Nawa ne," ya ce a hankali. "Shanun nan nawa ne."

"Na sani," in ji Ɗanmusa. Ya yage bakin buhun ya miƙa masa. "Ɗaure hannunka."

Suka tuƙa zuwa gaɓa. A karon farko jirgin Labbo ya tafi sak bai karkata ba, abin da ba zai amfane shi da komai ba yanzu. Da suka taka ƙasa ya miƙa wa Ɗanmusa goran. Ɗanmusa ya girgiza kai.

"Mi za ni yi da shi? Ba shaidata ag gare shi ba."

Labbo ya je ya durƙusa gaban Sarkin Ruwa, ya ce bai kama ba. Sarkin Ruwa ya ce Allah shi ba da sa'a a gaba, aka shafa. Tasalla ta ga fuskarsa, ta koma kan bandarta.

Habi ta tare shi a kan hanyar bukka. Ta dubi hannunsa, ta dubi abin da ya rungumo.

"Na duba gorana ban gani ba," ta ce.

Ya miƙa mata wanda ke hannunsa. Ta sauke itacen, ta karɓa, ta juya shi, yatsanta ya tsaya a kan zanen. Ta daɗe tana shafa shi kamar yadda take shafa cinyar saniya kafin tatsa.

"Wa yay yi wanga?"

"Mutumin da nic ce miki zai cuce ni," in ji Labbo. Ya ɗauki itacen ya ɗora a kafaɗa. "Ki wanke mini riga. Motar Kudu jibi take tashi."